Takabar Ummussalma

"Alhamis ce, Inna... Ba zan manta ba, don yana azumi."

Ummussalma na zaune a bayan labulen ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa, tana sauraron baƙon da ke magana a tsakar gida. Soja ne, Umara Zarami, abokin aikin mijinta marigayi Abdulmannan. Da sanda ya shigo yana jan ƙafa, fitowarsa ke nan daga asibiti, ya ce ba zai wuce garinsu ba sai ya biyo ta Haɗeja ya yi wa mahaifiyar abokinsa gaisuwa. An shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Inna 'Yar'azumi, mahaifiyar marigayin, na gefe da carbinta, Hafsat 'yar ƙaninta kuma na tsugune tana tsince shinkafa a faifai, ido a kan shinkafa, kunne a wajen baƙo.

Ita Ummussalma ba ta fito ba, takaba take yi. Baƙon bai ma san da ita a gidan ba.

"Tun safe yake fara'a," in ji Umara, da Hausarsa mai ɗanɗanon Barebari. "Ya ce min, 'Umara, gobe war haka na zama magidanci, sai ku koyi gaishe ni da ladabi.' Muka yi ta tsokanarsa. Da La'asar aka yi mana kwanton ɓauna a hanya. Ni na fara faɗuwa, shi ya dawo ya ja ni bayan mota. A nan aka same shi... Ko ruwa bai sha ba, Inna."

Hannun Hafsat ya tsaya cak a cikin faifan.

"Wace rana ka ce?"

"Alhamis."

"Alhamis ɗin da washegari za a ɗaura masa aure?"

"Ita fa. Wallahi ina kwance a asibiti ina tausayin yarinyar nan. Na ce ko yaya ta yi da aka ce mata an fasa..."

"Ba a fasa ba!"

Hafsat ta miƙe zumbur, shinkafa ta watse kaji suka yi caa a kai.

"An ɗaura! Ranar Juma'a aka ɗaura, ana saukowa daga masallaci! Inna, kin ji? Da gawa aka ɗaura auren nan!"

Carbin Inna ya daina tafiya. Umara ya dubi wannan ya dubi waccan, sannan ya bi idon Hafsat zuwa labulen ɗakin da takalman mace ke ajiye a ƙofarsa. Nan take ya gane abin da bakinsa ya yi, ya dafe kai yana salati.

Ummussalma ba ta yi kuka ba. Kukan ya ƙare mata tuntuni. Ji ta yi kawai wata irin gajiya ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa, kamar wadda ta wuni tana dashen shinkafa aka ce mata gonar ba tasu ba ce.

A shekarar babbar ambaliya suka haɗu, lokacin da kogi ya yi fushi ya tasam ma gari. Samari da dattawa duk sun tattaru a bakin jinga, ana ɗura yashi a buhu ana toshe inda ruwa ke ɓarkewa. Mata kuma na dama kunu a gidaje ana kai musu. Abdulmannan ya zo hutu ne daga bakin daga, maimakon ya kwanta ya huta sai ga shi a cikin taɓo har gwiwa, buhu a kafaɗa, yana ba mutane umarni sai ka ce a bariki yake.

Ita kuwa tana tsaye da bokitin kunun tsamiya da ludayi.

"Mai kunu, a ƙara min mana."

"Ka sha ɗazu."

"Au, lura kike yi da ni?"

"Kowa ma ina lura da shi."

"To daga yau a rage yawan aikin, a tsaya a kaina ni kaɗai."

Ta harare shi, ta zuba masa rabin kofi. Ya shanye yana kallonta, ya ce rabin ma ya fi na ɗazu daɗi. Ta koma gida tana mitar rashin kunyar sojoji, amma washegari ita ta fara cewa a ɗora tukunya.

Gari ya tsira a shekarar, ita ce dai ba ta tsira ba.

Da magana ta kai gaban manya, sai kowane gida ya murtuke fuska. Mahaifinta Malam Badamasi, manomin shinkafa a fadama wanda a gidansa ake bandar kifi, ko tabarma bai bari an gama shimfiɗawa ba.

"Soja? A wannan zamanin? Ba zan raba goro yau in zauna karɓar gaisuwa gobe ba!"

Ita ma Inna 'Yar'azumi ba ta so. Abdulmannan shi ne autanta, Auta ma take kiransa, kuma tun Hafsat na ƙarama ta ɗauko ta daga Guri ta riƙe, kowa ya san dalili. Ga 'yar gida ta girma a gabanta, ya tsallake ya ɗauko 'yar masu bandar kifi, wadda ko ta wuce sai ka ji ƙaurin hayaƙi. Haka Inna ta faɗa, kuma a gaban mutane ta faɗa.

Hafsat kuwa ba ta zauna ba. Ita ta aika aka gaya wa Malam Badamasi wai saurayin yana da mata da 'ya'ya a Maiduguri. Ita ta ce wa Inna a cikin kunun nan aka barbaɗa masa magani. Sai da Ja'afaru, yayan Abdulmannan, ya yi ta sintiri tsakanin gidajen biyu, takalminsa ya suɗe, kafin aka karɓi gaisuwa aka sa rana.

Ranar ma sai da aka ɗaga ta har sau biyu, don an hana ango hutu. A na biyun Malam Badamasi ya rantse in aka sake ɗagawa to a zo a kwashe lefe.

Kiran Abdulmannan na ƙarshe, muryar na yankewa tana dawowa. Ya ce a kan mota ya hau kafin ya samu sabis.

"Salmata..."

"Na'am, Sojana."

"Kar a ɗaga. Ko ba na nan a ɗaura, ai Yaya Ja'afaru ne wakilina."

"Amarya babu ango? Mutane za su yi min dariya."

"Su yi. In na dawo sai mu rama, mu yi ta wucewa ta gabansu a kan babur."

"Yaushe za ka dawo?"

"Da an ba ni hutu. Na gaji, Salmata... Wallahi na gaji. Ina son in kwanta a ɗakin da babu ƙarar komai sai ta fanka, in ji kina faɗa da ni a kan na bar takalmi a hanya."

"Ni ba na faɗa."

"Za ki koya. Ni zan koya miki."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Daga nan layin ya ɗauke.

Ranar Juma'a aka ɗaura. Waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, aka shafa Fatiha, aka raba goro da dabino, mata suka rangaɗa guɗa har maƙwabta. Ta kira wayarsa ta ji a kashe, ba ta damu ba, ta saba. Sai bayan mako guda wani hafsa ya kira Ja'afaru. Shi kuwa Ja'afaru yana jin kalmar farko ya zube yana salati. An tambayi yadda aka yi, an tambayi inda aka binne shi, amma babu wanda ya tuna ya tambayi ranar. Wa ke da wannan nutsuwar? A rediyo kuwa cewa aka yi wasu sojoji sun rasa rayukansu, ko sunan mutum ɗaya ba a kira ba, aka wuce zuwa labarin ƙwallo.

Ummussalma ce ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta yi takaba a ɗakin da Abdulmannan ya gyara mata a gidansu, wanda ya shafa wa shuɗin fenti da hannunsa a zuwansa na ƙarshe. Malam Badamasi, da tun ranar yake jin kamar bakinsa ne ya jawo, bai iya hana ta ba. Inna ma ba ta hana ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗakin ɗana ne, ba nawa ba." Tun daga nan kuma, in ban da amsa gaisuwa, ba ta ƙara ce mata uffan ba.

Wata biyu ke nan tana ciki. Ba ta taɓa dafa masa abinci ba, ba ta taɓa wanke masa kaki ba, ba su taɓa yin faɗan takalmin nan ba. A duk aikin aure, takabar nan ce kaɗai ta rage mata ta yi masa, shi ya sa ta riƙe ta da hannu biyu. Kullum in ta idar da salla sai ta ambaci sunansa cikakke, ta ce "mijina", ta roƙa masa gafara. Wannan kalmar ce ke tashinta da safe.

Yau ga shi an zo karɓe ta.

Kafin Magariba Ja'afaru ya dawo daga wajen liman, ya tsaya a ƙofar ɗakin, bai iya ɗaga ido ba.

"Ummussalma..."

"Ina ji, Yaya."

"Malam ya ce aure ba ya ƙulluwa da mamaci. In har ranar Alhamis ya rasu, to abin da muka yi ranar Juma'a ba aure ba ne. Babu laifi a kan kowa, tunda ba mu sani ba. Amma babu aure, babu takaba."

"To ni mece ce?"

Ya kau da kai gefe.

"Yaya, ni mece ce a wajensa?"

"Malam ya ce wadda ba matar mutum ba, kwana uku aka ba ta ta yi makokinsa. Ya ce gobe da hantsi Umara ya je ya maimaita a gabansa, sannan a sanar da Babanki."

Ya juya da sauri, tana jin yana share hanci.

Gari bai waye ba sai da labari ya zaga unguwa, kuma ba sai an tambayi wanda ya ɗauke shi ba. Mata suka riƙa shigowa aron turmi, aron rariya, aron abin da suke da shi a gida, kowace sai ta saci kallon labulen. Hafsat na tsakar gida tana shara, tana magana da tsintsiya.

"Dama na faɗa. Mutum ya zo ya tare a ɗaki ba a kawo shi ba. Ana jiran abin da gwamnati za ta bayar, an ɗauka ba mu gane ba."

Ummussalma na ji. Da a da ne da ta fito sun yi ta ta ƙare, don ita ma bakinta ba na aro ba ne. Yau ko ɗaga kai ta kasa. Ta leƙa ta gefen labule, ta ga idanun Hafsat sun kumbura sun yi ja, irin na wadda ita ma ba ta runtsa ba. Ta saki labulen.

Da hantsi Ja'afaru ya ce baƙon na roƙon magana da ita kafin ya tafi wajen liman. Ta zura hijabi ta fito zaure. Umara na zaune a kan dakali, ya miƙe ƙafar mai ciwo, sandarsa a gefe. Ja'afaru ya ja baya ya tsaya a waje.

"Ke ce Mai kunu..." in ji Umara a hankali.

Ta jingina da bango.

"Har can ya kai sunan?"

"Babu wanda bai san ki ba a cikinmu. In an dama mana kunu sai ya kurɓa ya ture, ya ce wannan ai cin mutuncin gero ne." Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya mutu. "Ki yafe min, ƙanwata. Ya ba da ransa ya ceci nawa, ni kuma na zo na rusa miki ɗaki."

"Ba ka yi komai ba. Gaskiya ka faɗa."

"Saurara ki ji." Ya rage murya. "Kaina ya bugu a ranar, likita ma ya ce zan riƙa mantuwa. In na je gaban liman na ce na rikice, na ce Asabar ce ba Alhamis ba, wa zai ƙaryata ni? Babu mai tashi ya tafi bariki bincike. Ki gama takabarki a ɗakinki. Ki zama matarsa har a gaban mutane. Wannan kaɗai zan iya yi masa."

Daga waje ana jin babura na wucewa, da mai tallan kifi yana kira.

Kalma ɗaya ce. Asabar. Da ita za ta koma bayan labulenta, ta ci gaba da cewa "mijina", Hafsat ta haɗiye maganarta, matan unguwa su mayar da turamensu. Ta so, Allah ya sani ta so. Har bakinta ya buɗe zai ce to.

Sai ta ji kanta tana tambaya, "Ka tabbata Alhamis ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na tabbata."

"Ya sha wahala?"

"A'a. Bai daɗe ba. Kansa na kan cinyata, yana Kalmar Shahada. Tun farkon makon babu mai kiran sunansa, Ango muke ce masa, har ogan namu. Da aka same shi, abin da na ji ana ihu ke nan, 'Ango ya faɗi! Ango ya faɗi!'"

Ta toshe baki da hijabi. Kukan da ta ɗauka ya ƙare ashe yana nan, ya ɓalle mata. Umara ya kau da kai ya bar ta, shi ma yana goge fuska da hularsa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ka ce yana azumi."

"Yana azumi."

"Mutum ya koma ga Allah da azumi a bakinsa, a wajen ceton ɗan'uwansa... ni kuma in zo in ɗaga masa ranar mutuwa don in samu ɗaki?" Ta girgiza kai. "Sau biyu aka ɗaga masa ranar aure, bai ji daɗi ba. Wannan kam ba za a ɗaga ba. Bar masa Alhamis ɗinsa, Malam Umara."

"Ƙanwata..."

"In na ɗaga hannu ina roƙa masa gafara, da wane ido zan roƙa? Je ka faɗa wa liman abin da ka gani."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya haɗa ƙafafu iya yadda mai ciwon ta yarda, ya sara mata kamar yadda suke sara wa manyansu. Ya juya ya fita.

Bayan Azahar Malam Badamasi ya iso da mai adaidaita, ya zauna a zaure, ya ƙi shiga ciki. Hafsat ta ɗaga labule ta jefo jakar bakko.

"Ga shi, ki zuba kayanki. Babanki na jira."

Ummussalma ta fara ninke zannuwanta. Ba su da yawa, mai takaba me za ta yi da kaya? Tana ninkewa tana kallon bangon, inda fenti ya ɗan zarce ya taɓa silin, don mai shafawar ba gwani ba ne. Hannunta ya yi nauyi, zani ɗaya sai ta ninke ta warware.

"Hafsatu, ba mu wuri."

Muryar Inna ce. Su duka biyun suka juyo. Tun ranar da labarin rasuwar ya zo Inna ba ta taka ɗakin nan ba, ko ta ƙofarsa za ta wuce sai ta kau da kai. Ga ta yau tsaye a ciki, da ƙaramar ƙwarya a hannu.

"Inna, ai kaya take..."

"Na ce ki ba mu wuri. Kuma bakin nan naki ya isa haka. Ba ke kaɗai kika yi rashi ba."

Hafsat ta fita sumui-sumui.

Inna ta zauna a bakin gado, ta dubi ɗakin sama da ƙasa. Sannan ta nuna gabanta.

"Zo ki zauna nan."

Ummussalma ta durƙusa ta juya mata baya. Inna ta zare mata ɗankwali. Kitson da ke kanta tun na biki ne, ya cukurkuɗe ya yi dauɗa. Tsohuwar ta lakato man shanu a ƙwaryar, ta fara tsefewa a hankali.

"Yaron nan ya faɗa min tayin da ya yi miki."

Ummussalma ta sunkuyar da kai.

"Da kin karɓa, da ban tona ba. Wallahi da na yi shiru, in bar ki ki zauna."

"Inna..."

"Bari in gama, ba kullum nake iya magana ba." Ta ja numfashi. "Ni na haifi Auta. Ni na goya shi, ni na yi jinyar ƙyandarsa. Amma ni ma kwana uku aka ba ni. A na huɗu mata suka ce, Inna a yi haƙuri, a tashi a yi wanka, a ci abinci. Na tashi. Gari ya ci gaba da harkarsa, kasuwa ta ci, aka yi ta bukukuwa kamar ba a yi wani Abdulmannan ba. Ko kabarinsa ban gani ba. Amma kullum na fito alwala na ga takalmanki a ƙofar nan, sai in ce, to, har yanzu akwai mai zaman Auta a gidan nan. Nawa zaman kike yi min, 'yar nan. Na kasa faɗa miki ne kawai."

Hawaye na ɗiga a kan wuyan Ummussalma, kuma ba nata ba ne.

"Na ɗauka ba kya son ganina."

"Da ban so ki ba, ba zan ɓoye ba. Na ce bai iya zaɓe ba." Ta ja wani ƙulli a gashin har sai da yarinyar ta runtse ido. "Ashe ya fi ni ido."

Ummussalma ta juyo ta kifa kai a cinyarta, ta saki kukan gaba ɗaya.

"Inna, ba ni da komai nasa! Ba ni da aure, ba ni da takaba, ko sunan matarsa an karɓe! In aka tambaye ni, in ce ni wace ce?"

"Ki ce ki zo a tambaye ni."

"Na gaji, Inna..."

"Na sani. Ni ma na gaji."

Suka daɗe a haka, babu mai lallashin wani. Daga zaure aka ji mai adaidaita ya danna ham, Malam Badamasi ya tsawatar masa.

Inna ta ɗago ta, ta kama gashin ta yi mata kalba biyu, ta ɗaura mata ɗankwali. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan tandun kwalli. Ummussalma na gani ta ja da baya. Rabonta da kwalli tun ranar da labari ya zo, sa shi kuwa yana nufin an gama ke nan.

"Inna, don Allah... ko zuwa gobe."

"Goben ma haka za ki ce. Ni ma haka aka yi min." Ta kama haɓarta. "Ke kika zaɓi gaskiya da bakinki, to ki cika ta. Buɗe idon."

"Yaya ake yi a fita, Inna? Yaya ake yi a gaisa da mutane?"

"Haka nan ake fita. A amsa gaisuwa, a ɗora tukunya, a je biki in an gayyace ka. Shi kuma yana nan inda yake, babu malamin da zai ce ki cire shi. In kin yi salla ki kira sunansa, nima ina kira. Mu biyu mun ishe shi."

Ta zizara mata a idon dama. Kafin ta kai na hagu hawaye ya wanke na farkon, ya gangaro baƙi a kumatu. Ta goge da gefen mayafinta ta sake sawa. Ya sake wankewa.

"Kai, wannan yarinya, za ki ƙarar min da kwalli."

Dariya ta kuɓuce wa Ummussalma a tsakiyar kuka, irin wadda rabonta da ita har ta manta. Inna ma ta murmusa tana jan hanci. Ta mayar da tandun ta ƙulle.

"Tashi mu je haka. Wanda ya sa ya sa."

Ita ta ɗauki jakar da kanta, ta riƙo hannun yarinyar suka ratsa tsakar gida. Hafsat na bakin murhu, ta ɗago ta dube su, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai ta ce a ciki-ciki, "Allah ya ba mu haƙuri." Ummussalma ta ce amin.

A zaure Malam Badamasi ya miƙe yana gyara hula, ya rasa inda zai sa idonsa. Rabon da su haɗa ido da Inna tun kafin a sa rana.

"Hajiya, sai haƙuri. Allah ya jiƙan yaron nan. Na yi masa gurguwar fahimta, ashe namiji ne."

"Amin, Malam." Inna ta miƙa masa jakar, amma ba ta saki hannun Ummussalma ba. "Ga 'yarka nan. Liman ya ce ba surukata ba ce, na ji na yarda. In Allah ya kawo mata miji nagari ka ba shi, kar ka tsaya jiran komai. Amma ranar da za a kai ta, daga ɗakina za ta fita. Ni zan yi mata faɗa."

Malam Badamasi ya riƙa gyaɗa kai.

Inna ta saki hannun. Ummussalma ta tsallake dokin ƙofa, rana ta dake ta a ido har sai da ta kare da tafin hannu. Wata maƙwabciya da ke wucewa da tulu ta tsaya ta ce, "Ummussalma, an fito? Ya ƙarin haƙuri?"

Ummussalma ta sauke hannunta daga ido.

"Da godiya," ta ce, sannan ta shiga adaidaitar.